Ƙoƙon Ƙarfe a Kochi

A Kochi, inda damina ke zuwa da fushinta,
ofishina na duban mashigin teku,
tagarsa ta kumbura, ba ta rufuwa.

Aikin da kowa ya ƙi shi aka ba ni.
Ba fiffike ba ne, ba inji ba,
ɗan ƙoƙon ƙarfe ne, faɗin tafi biyu,
da ake binnewa a doron jirgin ruwan yaƙi,
a maƙala masa sarƙa, a ɗaure jirgin sama,
kada teku ta koya masa rawa.

Dubu biyu da ɗari shida ake so.
Akawu Cheriyan ya shigo da jan biro,
ya ce, "Sosamma, na ƙetare ya yi tsada,
ki rage rabi."
Na ce masa araha ba ta ado.
Ya ce, "Ba ado aka aiko ki yi ba."
Ya fita, ya bar ni da gaskiyarsa ina taunawa.

Na rage kauri, na aske gefe,
lissafi ya yarda da ni a takarda.
Ranar gwaji na'ura ta ja, ta ƙara ja,
allura ta hau tan tara,
sai ƙas!
Guntun ya tashi ya fasa fitilar rufi.
Kowa ya duƙa. Ni kaɗai na tsaya,
ba jarunta ba ce, kunya ta hana ni sunkuyawa.

Tsoho Velayudhan mai walda,
wanda tartsatsi ya yi wa zane a damtse,
ya hura shayinsa, bai ko dube ni ba.
"Ba ƙarfe ke cin kuɗin ba, 'yata.
Awa uku nake yi a kan guda ɗaya,
bakin ya matse, sanda ba ta shiga
sai na kwanta rub da ciki kamar kada.
Buɗe mini baki, ki ga aiki na gudu.
Ƙarfen kuma ki mayar masa da namansa,
siriri ba ya jure jijjigawa."

Da dare na sami mahaifiyata a murhu
tana toya wainar shinkafa da madarar kwakwa.
Na ƙura wa kaskon ido:
baki a buɗe, ciki a sulɓe,
babu lungun da ƙullu zai maƙale.
Inda babu lungu, ruwan gishiri ba ya kwana,
tsatsa ba ta samun wurin haihuwa.

Na zana shi a bayan takardar kuɗin wuta.
Gicciyen da ƙugiya za ta kama
muka yanko daga ragowar farantan doro,
tarin da 'yan gwangwan ke jiran kwasowa.

Minti hamsin Velayudhan ya yi.
Muka ɗaure wa wani ƙaramin sojan ruwa ido,
da safar hannu, ana fesa masa ruwa,
ya laluba sau ɗaya, ƙugiya ta zauna.
Na'ura ta ja. Tara. Sha biyu. Sha shida.
Sarƙar ce ta tsinke.
Cheriyan ya rufe bironsa a hankali,
wannan ce iyakar yabawa.

Ranar da jirgin ya bar tasha an busa ƙaho,
an rataya wa matuƙa furanni.
Ba wanda ya dubi ƙasan takalminsa,
kuma haka ya dace:
abin da ya riƙe da kyau, ba a tunawa.

Amma in iska ta taso tsakar dare
tana kaɗa itatuwan kwakwa har ƙasa,
nakan farka in zauna a bakin gado,
ina ƙirga su, layi bayan layi,
ina ce wa kowanne: riƙe.
Ban taɓa wuce ɗari huɗu ba
tagar nan take fara bugawa.