Inda Ruwa Ke Saurin Tafasa

Allurar kamfani ba ta ce komai ba.
Tana tsaye a tsakiya kamar mai raba faɗa,
sai da farin tururi ya turnuƙe bonet
a hawan La Cumbre, ina giya ta uku,
sannan ta yunƙura ta taɓa ja.
Ihu bayan hari.

Datsun ɗin babanmu ce, ta girme ni da shekara tara.
Ni na ɗora mata turbo da kuɗin dakon bulo,
ni na buɗe salansa har maƙwabta suka rage gaisuwa.
Yau ga ta a garejin Nelida Ticona,
baki wangale, tana ɗigar koren ruwa
kan simintin El Alto mai sanyin ƙanƙara.

Nelida ta ce a san ciwo kafin a sayi magani.
Muka yanke tiyon sama, muka cusa mahaɗi,
muka ɗaure ɗan hancin da zai shinshino zafi.
Jar waya zuwa fis, baƙa zuwa jikin ƙarfe,
mai ruwan lemo zuwa fitila, saboda dare.
Agogo uku na jera a gefen gilashi:
na ruwa, na baƙin mai, na iskar turbo,
idanu uku da ba su san kara ba.

Na ruwan ya fara da shirme,
da na kunna fitila sai ya zabura.
Ashe fenti na bari ƙarƙashin notin baƙar waya.
Na kankare shi da wuƙa. Ya natsu.

Sai ya ce casa'in da biyu.
Casa'in da biyu kacal,
amma lagireto na ɓararraka kamar tukunyar biki.
Wa ke ƙarya kuma?

Muka canza tamostat. Tana nan.
Muka ƙara fanka ta biyu. Tana nan.
Muka ɗaga hancinta sama, muka matse tiyo
har kumfar ƙarshe ta fito tana gyatsa.
Muka gwada gasket, shuɗin ruwan gwaji bai sauya ba.
Kwana goma sha ɗaya.
Aljihuna ya yi sanyin da injin ya ƙi yi.

Ranar Alhamis Doña Basilia, uwar Nelida,
ta kawo miyar dankali a makare, tana mita.
Wai robar murfin tukunyarta mai fito ta tsage,
awa biyu dankali na rawa cikin ruwa, bai nuna ba.
"A ƙasa, can Santa Cruz wajen ƙanwata,
ruwa sai ya ji wuta yake tafasa.
Nan kuwa iska ba nauyi,
ruwanmu mai gajen haƙuri ne,
in ba ka danne shi ba, tashi yake."

Nelida ta ajiye cokali.
Ba ta dube ni ba.
Ta kwance murfin lagireto, ta kifa shi a tafi:
roba ta faso kamar dundunniyar manomi,
sifirin kuwa, babban yatsa ya danna shi
kamar wanda ya taɓa burodi.

Boliviano talatin da biyar.
Fankar kaɗai ta ci ɗari huɗu.
Doña Basilia ta ce a ƙaro mata da robar tukunya.

Lahadi muka hau, ni da baba.
Illimani na can da farin kansa, bai kula mu ba.
Allura ta haura casa'in da biyar, ta taɓa da bakwai,
ta tsaya, ta yi tunani,
fanka ta kama, ta dawo.
Ba kumfa, ba tururi.
Ina ta nuna masa da yatsa: duba, duba!

Baba bai duba ba.
Ya sauke gilashi kaɗan, ya miƙa hanci waje,
ya shaƙa sau biyu, yadda ya saba tun kafin a haife ni,
sannan ya ce in sa ta huɗu,
ina wahalar masa da mota.