Takarda a Aljihun Kwat

A Hammerfest rana takan yi sallama a ƙarshen Nuwamba.
Ta leƙo ta bayan dutse kamar baƙuwar da ta yi ɓatan gida,
ta juya. Shi ke nan, sai Janairu.

Ni ne Oddvar, mai gyaran injin jiragen kamun kifi.
Cikin duhun nan aka yanke mini cibiya,
shekara hamsin da uku, ban saba da shi ba.

Ba wanda ya mutu. Ba mai bi na bashi.
Ɗaki da ɗumi, tukunya a kan wuta.
Amma agogo na buga bakwai
sai bargo ya yi nauyin anga.
Barcin awa goma sha ɗaya, in tashi a gajiye.
Burodi, sukari, burodi kuma.
Waya ta yi ta kuka a kan tebur,
sunan ƙanwata Aslaug ya haska, ya mutu, ya haska,
hannuna ya ƙi miƙuwa.

Na daɗe ina kiran abin lalaci.
Mahaifina ya sha nasa a kwalba,
a rumfar da ake shanya taru,
har ƙasa ta rufe masa ido bai san sunansa ba.

Wata likita ce, sa'ar 'yata, ta ajiye biro ta ce,
"Ciwo ne. Yana da lokacinsa, kamar zuwan kifi.
Da haske jikinka yake saita agogonsa,
in haske ya ɗauke, sai agogon ya rikice."
Na yi shiru.
Ashe mutumin da nake zagi a madubi
majinyaci ne.

Yanzu ina da fitila, fara fat, faɗin faranti.
Rabin awa kowace safiya ina zaune gabanta da kofin gahawa,
ƙato da gemu, kamar ɗan tsako a akurki.
Cokali guda na man hantar kifi, in yamutsa fuska.
Ta ce in abin ya fi ƙarfin fitila in koma,
akwai magani, akwai kuma magana.
Sau biyu na koma.

Da tsakar rana sama takan yi shuɗi na ɗan lokaci,
ba wayewar gari ba, alkawarinta kawai.
A nan Gunvor, maƙwabciyata, take buga ƙofa,
ita da gurgun karenta.
Ba ta tambayar yadda na kwana.
Takalmana take nuna mini da sanda.
Taku ɗari tara zuwa ƙarshen gadar jirage,
ƙanƙara na ƙara a ƙarƙashinmu.
Wata rana ba na buɗewa.
Ta tafi. Gobe ta dawo, ba gori.

Bana da na ciro kwat ɗin sanyi
na ji takarda a aljihu, rubutun hannuna:

"Oddvar, ni ne, kai.
Yuni ne, ƙarfe ɗaya na dare, rana na zaune kan teku,
ina fentin kwalekwale ina fito.
Duhu zai ce maka haka kake tun fil'azal.
Ƙarya yake, ga ni shaida.
Kunna fitila tun kafin ka buƙace ta.
Ɗauki wayar Aslaug."

Na karanta a tsaye, na sake karantawa a zaune.
Ban yarda da shi duka ba,
amma na san ba ya mini ƙarya a kan inji,
don haka na ɗauki wayar.

Ran da rana ta dawo, 'yan makaranta suka hau tudu
da burodi mai zaƙi a hannu, suna ihu.
Minti kaɗan ta yi, ta nutse.
Ban warke a ranar ba.
Injin da ya kwana cikin ƙanƙara
ba ya tashi a ja na farko.
Ɗumama shi ake yi, a saurara, a sake ja.