Rancen Ruwa

Shekara talatin ina taka keken ɗinki
a wani lungu na Hindawiyya, bayan gidan burodi,
har gwiwa ta ce ta gaji da ni.
Ita ke fara gaishe ni, ƙaras, ƙaras,
tun ladan bai buɗe baki ba.
Sallata ta koma kan kujerar roba.
Shekara uku cur goshina yana kewar ƙasa.

Likita ta latsa cinyata da ɗan yatsa,
ta ce, "Hajiya Tabawa, naman nan ya yi barci.
Ki shiga ruwa."
Ni? Jikar mutanen Damagaram?
Mu a buta muka san ruwa, sai randa, sai guga.
Bahar Maliya tana ƙofarmu tun ina goye,
ko idon sawu ban taɓa ba ta ba.

Sahura ta yi dariya har haƙorin Makka ya leƙo.
"Da tsufanki za ki zama tarwaɗa?
Daga ƙasa aka yi mu, ƙasa ke gina ƙashi.
Zo mu taka bakin teku bayan magariba."
Ita kam akwai ƙafa.
Bene hawa huɗu take hayewa ba ta dafa bango,
gorunan roba biyu cike da yashi
take ɗagawa tana kallon labarai.
Na bi ta kwana biyu.
A na uku da rarrafe na kai banɗaki.

Sai ga ni ran Talata
a tafkin mata, rufaffe, mai warin magani,
riga har wuyan hannu, hular roba ta matse kunne,
na ƙanƙame ƙarfen tsani
kamar mai bin bashi ya sami wuyan riga.
Ihlas, 'yar Sudan mai koya mana, ta ce, "Saki, ya Hajja."
Na saki.

Ashe haka ake sauke kaya!
Nauyin da nake ɗauke da shi tun haihuwar auta
ruwa ya karɓa, bai ce uffan ba.
Na ɗaga ƙafa, ta ɗagu.
Na tura hannu, ya turo ni,
sannu sannu, kamar yaro mai musu da ladabi.
Ba ya dukan gaɓa,
ba ya kuma ba da hanya kyauta.
Mu goma sha ɗaya ne,
da 'yar Yaman mai ciwon baya, da 'yar Habasha da ta gama jego,
muna tafe a jere kamar agwagi,
mai dariya ta sha ruwa, ta yi tari, ta ƙara dariya.
A daren na yi barcin da na manta ɗanɗanonsa.

Wata huɗu, na fara yi wa Sahura gori.
Ta ce, "To, a ruwa za ki yi Safa da Marwa?"
Maganar ta tsaya mini a wuya kamar ƙayar kifi.
Ihlas ta ce, "Ƙawarki ba ta yi ƙarya ba.
Ruwa yana tada nama, ƙashi kuwa sai ya ji nauyi.
Abin da ya ba ki rance ne,
a tudu ake biya."

Yanzu Talata da Alhamis na ruwa ne.
Sauran ranaku ina bayan Sahura, tana gaba tana mita,
daga gindin dabino zuwa wurin mai sayar da balila,
mu huta, mu juyo.
Har yau ba ta tsoma ko yatsa ba,
amma shekaranjiya na ji ta tana murza kafaɗa
tana tambayar kuɗin hular roba.

Asubar Juma'ar nan
na ture kujerar da ƙafa.
Na yi ƙasa. Gwiwa ta yi gunaguni, ta haƙura.
Darduma tana ƙanshin turaren wuta,
har da zare ɗaya ja da ya faɗo daga ɗinkin jiya.
Na daɗe a can,
har jikata Rumasa'u ta taɓa ni,
"Kaka, kin maƙale ne?"

Na ɗago da kaina.