Taswirar Ruwa

Wad Madani, ajin rana, fanka ta mutu.
Ustaz Mudassir ya ja layi biyu a allo,
na tsaye matsi, na kwance zafi,
ya raba filin uku kamar rabon gado:
nan ƙanƙara, nan ruwa, can tururi.

Ni na san ƙanƙara tun kafin allo.
Ita Baba Ilu ke sayarwa a bakin kasuwa,
lulluɓe da buhu,
kullum yana tsere da azahar, bai taɓa ci ba.
Ribarsa kan ɗiga ƙarƙashin amalanke.

Ustaz ya ce: rage matsi, ruwa ya yi gaggawar tafasa,
tambayi mai shayi a kan Jabal Marra.
Sai ya ɗiga alli inda layukan suka haɗu.
Nan ukun ke zaune a tabarma ɗaya,
ba mai korar wani.
Amma ɗigo ne fa. Ka gusa kaɗan, taro ya watse.

Kakanmu ya baro Haɗeja da niyyar Makka,
ya daskare a bakin Nilu.
Yayana ya tashi Jidda, sai murya a waya.
Ni ina malala tsakanin Hausa da Larabci,
duk ƙwaryar da aka zuba ni, siffarta nake ɗauka.

Da dare na nuna wa Baba zanen.
Ya juya takardar, ya duba bayanta,
ya ce: tambayo mini malaminku,
a ina zan tsaya da ita ta kai la'asar?