Makulli Na Biyu

Daren da ruwa ya tsare ni a Mando,
bayan na karɓi haihuwa uku,
babu Keke, babu mai rage hanya,
na ce wa ƙafafuna: kun yi ƙoƙari, zan sallame ku.

Garejin Alhaji Tanimu yana bakin titin Kachia.
Motoci a jere, an wanke su fes, har taya an shafa wa mai,
kamar 'yan firamare ranar zuwan sufeto.
Ya dafa bayan wata Korola mai ruwan toka:
"'Yar Kwatano ce, Hajiya.
Wata tsohuwa ce ta hau ta a Turai, daga gida sai kanti."
Na ce a raina, tsohuwar nan ta sha hanya,
duk motar da ke Kaduna ita ta fara hawa.

Na ɗauko Iliya daga Panteka.
Bai ko kalli fenti ba. Ya shige ƙarƙashinta,
ya kasa kunne yadda nake yi wa mai juna biyu,
ya fito yana goge hannu a wando:
"Zuciya lafiya lau. Ƙafar gaba na ɗingishi.
Mita kuwa, an mayar da ita yarinya."

Sai zancen kuɗi.
Miliyan bakwai, in hannu da hannu ne.
Biyu da rabi gare ni:
adashin shekara biyu, da awarwaron da Inna ta bar mini.
Ya ce ba komai, ajiye kafin alƙalami,
saura a bi shi wata-wata.
"Mu nan ba ma cin ruwa."
Gaskiyarsa, ban ga ruwa a takarda ba.
Na dai ga kuɗin fom, kuɗin tiraka, kuɗin hidima,
da na wani lauya da ban san kalar fuskarsa ba.
An canza wa tuwo suna,
miyar ma ba a taɓa ta ba.

Na ce a ba ni takardar in kwana da ita.
Murmushinsa ya rage tsawo.
"Akwai wani daga Zariya, gobe zai zo da kuɗinsa a buhu."
Na ce Allah ya sa ya more ta.
Mutumin Zariya har yau yana hanya.

Da fitilar waya na bi ta layi-layi.
Shafi na huɗu, can ƙasa,
rubutu kamar sahun kiyashi:
in na yi fashin wata guda, mota ta koma gida,
abin da na zuba ya bi kogin Kaduna.
Na ja layi da jan biron asibiti.

Kwana biyu muna ja.
Wata guda ya zama uku. Lauya ya ɓace.
Ƙafar gaba, ya ce zai gyara.
Tiraka kam, ko sama da ƙasa za su haɗe.
Ƙanena Yusha'u ya tsaya mini,
ya sa hannu, alƙalami na rawa.

Makulli ɗaya aka miƙo mini.
Na biyun, da takardun kwastan,
suka kwana a durowar Alhaji.

A wata na tara albashi ya makara.
Da asuba na murɗa makulli, shiru.
Iliya ya ce a waya: "Ba ciwo ba ne, Anti,
daga ofis aka riƙe mata numfashi."
Na kira gareji. Ban ɗaga murya ba.
Na karanta musu shafi na huɗu,
daidai inda jan biro ya bi.
Minti goma, ta yi tari, ta tashi.

Yanzu saura biya biyar.
In na tsaya a cunkoson Kawo nakan yi rabon gado:
inji nawa ne, da sitiyari, da kujerun gaba.
But da tayoyin baya na Alhaji ne tukuna,
shi ya sa nake shiga rami a hankali.

Na riga na sayi zoben da zan rataya na biyun.
Yana cikin jakata, tare da almakashi da safar hannu,
fanko, yana jira.