Harisu, Tsohon Najran

Ranar hutuna na hau tasi zuwa kangon Ukhdud
da gorar ruwa a hannu.
Ga maciji an sassaƙa a jikin dutse,
ga doki a jikin wani,
ga ƙaton dutsen niƙa da ya daɗe bai ga ƙwayar hatsi ba.
Ni kaɗai, sai mai gadi can yana kurɓar gahawa.

Harisu, ni ce Kezaya,
'yar Bawa mai gyaran keke, daga wajen Malumfashi.
Bara na san ka,
da Wubit 'yar Habasha, abokiyar aikin dare,
ta zaro hotonka daga bayan wayarta:
tsoho, furfura fari fat, ido a tsaye.
Ta ce, riƙe, ni na riga na haddace fuskarsa.

An ce ka haura casa'in
lokacin da sarki ya kewaye garin nan,
ya rantse, aka buɗe masa ƙofa, ya taka rantsuwar.
An ce gwiwoyinka sun daina ɗaukarka,
sai da aka tallafe ka zuwa gaban takobi,
amma bakinka ya tsaya da ƙafarsa.
Abu ɗaya aka nema,
ka ce ba ka san Almasihu ba,
ka koma gida ka ci dabinonka.
Ka ƙi.

Tawa ƙarama ce, har kunyar faɗa nake ji.
Babu rami, babu wuta.
Takarda ce guda, da layin da aka bar wa sunana.
Daren Talata, gado na sha ɗaya,
an ba wa wani dattijo allurar da ta ninka ƙa'ida.
Ina tsaye. Na ga hannun da ya zuƙo ta.
Dattijon ya rayu, da ƙyar,
takardar kuma ta ce ba a yi komai ba.
Babba ya turo mini biro yana murmushi,
ya tambayi lafiyar mutanen gida,
ya tuna mini watan da kwangilata za ta ƙare.

Ka san abin da ke rataye a wuyan biron nan?
Kwanon rufin ɗakin Inna, saura bandir biyu.
Kuɗin makarantar Habila.
Maganin hawan jinin Baba, wanda ba ya jiran kowa.

To, faɗa mini, tsoho,
daren ƙarshen nan ka yi barci?
Cikinka bai kaɗa ba?
Masu zane sun ba ka fuskar da ba ta san tsoro ba,
ni kuwa ban yarda da su ba.
Na yi jinyar tsofaffi, na san yadda hannunsu ke rawa.
Na fi son in ɗauka naka ma ya yi,
ka bar shi yana rawar, ka faɗi abin da ka faɗa.

Iska ta taso daga wajen duwatsun Yaman,
ta kaɗa ganyen magarya.
Ba ka amsa ba, ban kuma sa ran ji da kunne ba.
Na zuba sauran ruwana a gindin itacen,
na yi addu'a ƙasa-ƙasa da Hausa,
yadda kakata take yi in za ta tsallake rafi da damina.

Gobe ƙarfe bakwai zan sa farin kaya,
hotonka a aljihu, kusa da almakashi.
Zan mayar masa da bironsa.
Wataƙila muryata ta sarƙe,
wataƙila in haɗa akwati kafin wata ya mutu,
damina ta tarar da ɗakin Inna a buɗe.
Ka roƙa mini, Harisu.
In gwiwata ta ƙi, a tallafe ni har ƙofar ofishin,
sauran na bakina ne.