Naira Hamsin

A keke na ji ta, tsakanin Kawo da Mando,
lasifikar direba na tari kamar tsoho.
Amon nawa ne, na san shi kamar tafin hannuna,
amma muryar ta wani yaro ce, siririya.
Ya cire baitin da na yi wa Hajara,
ya cusa sunan unguwarsu da na ƙungiyar ƙwallonsu.

Na ce, "Malam, waƙar wa ce wannan?"
Ya ce, "Ta Jazuli ɗan Rigasa mana.
Lallai an bar ka a tasha."
Na biya shi, na sauka ban kai inda za ni ba.

Wata bakwai na yi ina tara kuɗin situdiyo.
Na sayar da keken ɗinkin da Baba ya bari.
Ɗanjuma mai na'ura a Kabala
har yau yana bi na dubu arba'in,
in na hango shi sai in sunkuya ina gyaran takalmi.

Na tafi Kasuwar Barci, rumfar Tasi'u mai tura waƙa:
laima, benci, kwamfuta mai tsagaggen gilashi.
Ya ce, "Ta asali kake so, ko ta Jazuli?
Hamsin-hamsin ne. Ta yaron ta fi tafiya."
Bai ko ɗago ya dube ni ba.
Na miƙa masa hamsin,
na sayi gumina, ya zuba min shi a waya.

Lauya Rifkatu a Barnawa ta ba ni kujera da ruwan sanyi.
Ta ce haƙƙin mallaka nawa ne, babu tantama,
sannan ta rubuta kuɗin shigar da ƙara,
na ga sifili jere kamar ƙwai a faranti.
Ta ce, "Wa za mu kama?
Yaron? Tasi'u? Ko duk wayar da ke garin nan?
Ƙwaryar nonon da ta kife a Kogin Kaduna,
da wane ludayi za ka kwashe ta?"

Na iske Jazuli bayan tashar jirgi yana wankin babur,
shekara sha shida, silifas ɗaure da waya.
Da ya gane ni, soso ya suɓuce masa.
"Oga! Wallahi hotonka ne a fuskar wayata.
A ɗakin yayana na yi ta,
na lulluɓe da bargo saboda ƙarar janareta.
Ko sisi ban samu ba.
Na ji ta ne ta ƙi fita daga kaina."
Maganar da na tauno tun daga gida
ta narke min a baki kamar alewa.
Na ce masa a baiti na uku ya sauka daga kan kiɗa.
Ya ce in nuna masa. Na nuna masa.

Da dare na kunna wa Inna duka biyun.
Tana tsintar shinkafa, ba ta dakata ba.
Ta ce, "Ai wannan amon daka ne.
Da shi kakarka Tabawa ke lugude a Zangon Aya,
da shi na goye ka lokacin da kake haƙori.
Kai nawa ka biya ta?"

Ban amsa ba.
Na so in ce Tabawa ba ta ci bashin situdiyo ba,
turminta bai nemi wuta ba, bai nemi mai ba.
Na haɗiye.

Yanzu ga takardar lauya a aljihun dama,
lambar Jazuli a na hagu,
gobe da sassafe Ɗanjuma zai kira.
Bayan katanga wata yarinya na wanke-wanke,
ta ɗauki baitina, ta ɗora na Jazuli,
ta ƙara wani da ban taɓa ji ba,
a kan wata akuya da ta cinye mata sabulu.

Nata ya fi daɗi.
Na kwanta ina maimaita shi.